Kashin Awaki da Ganyen Daji

Yara, ganyen da muke ci iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke shukawa, kamar salati da kabeji da yakuwa. Akwai kuma wanda ke fitowa da kansa, ba shi da mai shi, kowa ya gani ya tsinka. Tafasa ke nan, da gasaya, da rukuɓu, da lalo, da yoɗo, da yaɗiya. A ƙasarmu akan haɗa su duka a ce musu haki. In kun ji an ce gidan wane haki suke ci, to, ba yabo ba ne. Ana nufin rumbunsu ya ƙare.

Ni malamin makaranta ne a birnin Maraɗi, amma asalina Tibiri, garin Sarkin Gobir. Da haki aka rene ni, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Kwaɗon gasaya da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji, dambun tafasa, miyar yoɗo a kan tuwon hatsi mai zafi, har yau in na samu ba na neman wani abu. Sai dai wannan haki da muka saba samu kyauta yana ƙara nisa da mu. In muna son sa, sai mun noma shi. Abin da za mu noma shi da shi kuwa yana tsakar gidan kowa, a ƙarƙashin akuya.

In damina ta faɗi, ku buɗe ido ku duba inda gasaya ke fitowa. Da wuya ku gan ta ta yi kyau a tsakiyar jigawa mai farin rairayi. A gefen juji take, da bayan danga, da inda ake ɗaure jaki, da tsohon mashekarin Fulani. Rukuɓu ma haka. In kakata za ta aike mu tsinko ganye, ba ta ce mu tafi gabas ko yamma. Cewa take yi: «In kuna biɗar gasaya, ku tahi inda shanu sunka kwana.» Mu kuwa sai mu tafi, mu iske ta ta kai mana gwiwa, da fararen furanninta.

Sai da na shiga makarantar horon malamai na san dalilin. Tsiro ma yana cin abinci. Manyan abincinsa uku ne: azot, da fosfor, da potas. Su ne lambobin nan uku da kuke gani a jikin buhun takin zamani, 15-15-15. Azot shi ke yin ganye, shi ke sa shi ya yi faɗi ya yi shar. Rairayin jigawarmu kuwa matalauci ne, azot da fosfor kaɗan gare shi, kuma ba ya riƙe ruwa. Gasaya da rukuɓu masu kwaɗayin azot ne, shi ya sa suke bin bisashe duk inda suka sauka. Akwai dalili na biyu. Ƙwayar irin rukuɓu ƙarama ce ƙwarai, ga ta da tauri. Saniya takan cinye ta tare da ciyawa, ta bi cikinta ta fito da rai. Kun ga ke nan saniya ta yi shuka, ta kuma zuba taki, duk a lokaci guda.

Ba dukansu ne masu kwaɗayi ba. Yoɗo yana fitowa cikin gonar hatsi, mata in suna noma sai su kauce masa su bar shi. Yaɗiya tana hawa danga da ƙaya, ta kai rani da ɗanyen ganyenta. Tafasa kuma dabbobi ba su cika cin ta ɗanya ba, shi ya sa take cika bakin hanya. Amma ko su ɗin, in sun samu taki ganyensu ya fi laushi.

A da, in an gama girbi, Fulani da Buzaye sukan sauko da garkensu. Mai gona ya ba su damin hatsi don su kwana a gonarsa kwana da kwanaki. Bisashe su ci kara, su bar masa taki. Akwai saura, wato gonar da aka bari ta huta, akwai burtali mai faɗi, akwai daji tsakanin gari da gari. Yanzu gona ta haɗu da gona. Kara kansa ya zama kuɗi, ana girbi ake kwashe shi a ɗora bisa itace ko a kai kasuwa. Burtali ya ƙuntata, abin da ya rage kuma garmani ya mamaye shi, shi ba abincin mutum ba, dabba ma ba ta so. Birni kuma ya ci gonaki. A ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi ba su kai dubu 50 ba. A ƙidayar 2012 sun wuce dubu 260. Unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Tsoho, iyayenmu sun san wuraren suna fili. Yarinyar da ke zaune a can yau, ina za ta bi ta iske inda shanu suka kwana? Sai dai uwarta ta ba ta kuɗi ta sayo a kasuwa, ran Litinin ko ran Juma'a, wurin matan ƙauye da suka yi sammako da buhunansu.

Wani zai ce, to mene ne in haki ya ɓace? Tsofaffi su ne za su ba shi amsa. Ku tambaye su labarin yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari. Za su faɗa muku yadda tafasa da yaɗiya da jiga suka riƙe gidaje, da yadda ake jiƙa anza kwanaki ana sake mata ruwa kafin ɗacinta ya fita. Ni ban ga wannan ba, amma na ga ta 2005. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu wurare. Kafin sabon hatsi ya nuna, tiya ta fi ƙarfin talaka. Ina saurayi lokacin, na ga mata goye da yara ramammu suna shigowa birni. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Kada ku ɗauka ina cewa ganye zai maye gurbin hatsi. Ba zai maye ba. Wanda ya ci ganye zalla zai kwana da yunwa. Amma wanda ya ci tuwo zalla, da miyar busasshiyar kuka tsararo, shi ma jikinsa yana jin wata yunwa da ba a gani. Ɗanyen ganye yana da sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A mai kare ido. Yaron da jininsa ya yi ƙasa, ni na san shi a aji. Shi ne mai gyangyaɗi tun ƙarfe goma.

Tunanin noma haki a Jiratawa ya zo mini. Jiratawa tana kudu da birni, a bakin Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga Najeriya, ya ratsa ta gefen Maraɗi da Tibiri, ya sake komawa can. A farkon shekarun 1980 aka gyara musu filin noman rani mai kamar hekta 500, ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da inji, yana bin magudanai har fangali. Yau ko a Yamai aka ce Jiratawa, zogala ake tunawa. Ita zogala ba ganyen dajinmu ba ce, asalinta ƙasar Indiya. Amma da can ba wanda ya ɗauke ta amfanin gona. Itaciyar danga ce, guda biyu ko uku a bayan gida. Mutanen gulbi ne suka shuka ta layi-layi, suka ba ta ruwa da taki, suka riƙa yanke ta tana sake tohowa, har ta zama kayan da ake cika mota da shi.

Na je can wata Asabar na iske wani dattijo yana sauke amalanken taki. Na gaishe shi, na ce: «Baba, ga takin zamani a kasuwa, me ya sa kuke wahala da wannan?»

Ya ce: «Malam, muna sa na zamanin ma, in da kuɗi. Amma shi kamar kofi ne, ya tashe ka yanzu, an jima ka koma yadda kake. Wannan kuwa fura ce. Ƙasa ta sha bana, baɗi ma tana jin ta.»

Gaskiya ya faɗa. Takin zamani yana ba tsiro abinci nan take, amma ba ya gyara ƙasa. Takin gida yana sakin abincinsa sannu-sannu, yana kuma sa rairayi ya riƙe ruwa, ya yi duhu, ya yi laushi. In an haɗa su biyu an fi samu. Sai dai na zamani daga waje yake zuwa. A 2022, da yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Ukren, kuɗinsa ya hau a duniya duka, manomin gulbi ma ya ji a jikinsa. Kashin akuya kuwa ba ya jiran jirgin ruwa.

Muna cikin magana na lura da wani abu. Tsakanin layukan zogala, duk inda taki ya zuba, gasaya da rukuɓu sun fito, alhali tsakiyar rani ne. Ba wanda ya shuka su. Matan da ke tsigar zogala suna tsinka suna ƙullewa a bakin zane. Na ce: «Baba, waɗannan fa?» Ya yi dariya ya ce: «Baƙi ne, da taki suka zo. Mata su sha miya.» A zuciyata na ce, in baƙon da ba a gayyata ba ya yi wannan kyau, ina ga wanda aka shimfiɗa wa tabarma?

Taki dai ba mu rasa shi ba. Maraɗi garin jar akuya ne, wadda ta yi suna saboda kyan fatarta da yawan haihuwar tagwaye. Tun 1963 aka buɗe mata cibiyar kiwo a nan. Da wuya ku shiga gida a Bagalam ko Mokoyo ba ku iske akuya ko tunkiya a turke ba. Amma taki ma sai an san shi. Wannan karatu wurin kawuna na ɗauke shi, wanda ke da garka a fadamar Tibiri.

Abu na farko da ya ce mini shi ne: «Ɗana, ɗanyen taki wuta na.» In an zuba shi ɗanye a gindin ƙaramin tsiro sai ya ƙone saiwa. Yana kiran gara da ƙuda. Yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, ga shi ganye kusa da ƙasa yake. Na kaji ya fi kowane zafi, kaɗan ake sawa. Na awaki da tumaki busasshe ne, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi na shanu ƙarfi. Na shanu mai sanyi ne, amma shi ya fi gyara jikin ƙasa. Na jaki da doki ya fi kawo ciyawa. Ya kuma nuna mini abin da mutane da yawa ba su kula da shi ba. Mafi yawan azot ɗin da dabba ke fitarwa cikin fitsarinta yake. Saboda haka shi yakan shimfiɗa ƙaiƙayi da guntayen kara a turke su shanye fitsarin, sa'an nan ya kwashe gaba ɗaya. Takin da aka bari a fili, rana ta buga shi, iska ta bi ta kansa, ya zama farin ƙwalele, rabin amfaninsa ya tafi.

Na juji kuma sai an tsince shi. Jujin birni yanzu leda ce da batir da fasassun kwalabe. Tun 2014 aka yi dokar hana baƙar leda a ƙasar nan, amma ku tona kowane juji ku gani. Akuya ta ci ta kumbura, ƙasa ta ci ta toshe.

Da aka koma makaranta a watan Oktoba, na kai maganar gaban ƴan ajina. Aikin farko shi ne tara iri, tun kafin iska ta watsar da shi. Yara suka bi bayan gari da gefen kasuwar bisashe, suka zo da kwanson gasaya, da kan rukuɓu, da na lalo da tafasa. Muka shanya a inuwa, muka murje, muka zuba a kwalabe, kowace da sunanta a jiki da Hausa da Faransanci. Nan muka yi darasin rubutu ba su sani ba.

A watan Nuwamba muka gina rami a inuwar dalbejiya, tsawo mita biyu, faɗi mita ɗaya, zurfi ya kai gwiwar babba. Kowane yaro ya riƙa zuwa da gwangwani ɗaya na kashin awaki. Muka shimfiɗa yankakken kara a ƙasa, taki a bisa, ɗan toka kaɗan, ganyen da muka share a fili, sa'an nan ruwa. Haka muka yi ta jerawa har ramin ya cika, muka rufe da tsohuwar tabarma. Muka soka sanda a tsakiya. Bayan ƴan kwanaki na ce wata yarinya ta zaro ta ta taɓa. Ta yi tsalle ta ce: «Mushe, da zafi! Wa ya hura wuta a ciki?» Na ce ba kowa, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin takin, zafin aikinsu ne. Wannan zafi shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Duk mako biyu muna juyawa muna yayyafa ruwa. Kafin wata uku ya cika, taki ya yi baƙi, ya daina wari, yana ƙamshi kamar ƙasar ruwan fari.

Ba mu yi shuka da sanyi ba, don gasaya ba ta son ɗari. Jiran ma ya yi mata amfani, domin sabon irinta ba ya tsira da kyau sai ya kwana ƴan watanni. A ƙarshen Fabrairu muka ja fangali uku don gwaji, kowane mita ɗaya da mita uku. Na farko ba mu sa masa kome ba. Na biyu muka sa ɗanyen taki daga turke. Na uku muka sa bokiti biyu na takin raminmu, muka cuɗa da ƙasa. Irin gasaya da na rukuɓu muka gauraya da rairayi kafin mu yafa, don kada ya taru wuri guda. Na lalo muka ƙulla a tsumma muka tsoma a ruwan zafi muka cire nan da nan, don ɓawonsa ya yi laushi. Tafasa kwana ta yi a ruwa. Ban-ruwa safe da yamma, bi da bi.

Ban faɗa wa yara abin da zai faru ba, na ce su rubuta abin da suka gani. Fangali na farko ya tsira, amma tsiron ya tsaya ƙanana, ganye rawaya-rawaya, gasaya ta yi sauri ta yi fure tun ba ta kai taƙi ɗaya ba. Na biyu ya tsira gurbi-gurbi, ciyawa iri-iri ta cika shi, gara ta yi gini a gefe. Na uku kuwa, cikin mako na biyar muka fara tsinka. Muna cire kan gasaya da furen, tana yin rassa tana ƙara ganye. Haka muka yi ta tsinka har cikin watan Mayu, lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya a gari, rana tana dukan kowa. Ran da muka yi kwaɗon farko, mun wanke ganyen sau uku, mun dafa shi sosai. Ko da ruɓaɓɓen taki aka yi noma, wannan ba a barin sa.

Ba kowa ya ji daɗin aikin ba. Wata uwa ta zo har bakin aji ta ce: «Mushe, mun turo shi lakkol ya koyi biro da takarda, ba kwasar kashin awaki da cin haki ba. Hakin muka gudo daga ƙauye.» Na ba ta kujera, na nuna mata littafin ɗanta. Ya auna fangali, ya lissafa faɗinsa, ya rubuta tsawon tsiro mako-mako, ya zana ganyen gasaya mai yatsu biyar. Na gaya mata a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, wannan gasaya da muke rainawa ana noma ta, ana ɗaure ta dami-dami, ana sayarwa a manyan kantuna. Ta duba littafin ta daɗe. Ba ta ce ta yarda ba. Amma da za ta tafi ta tambaya ko akwai sauran iri a kwalba.

Maganar wani uba ta fi wannan nauyi, kuma har yanzu tana damuna. Ya hana ƴarsa kawo gwangwaninta. Da na je gaishe shi ya ce: «Malam, takin gidan nan lissafe yake. Duk rani nake tara shi, in kai gona da amalanke kafin ruwa. Abin da ka ɗiba, daga bakin hatsina ka ɗiba.» Ban iya ce masa ya yi kuskure ba. Taki yanzu ba shara ba ne, sayar da shi ake yi, masu garka na gulbi suna bin gida-gida suna nema. Abin da na ce masa kawai shi ne, gonarsa tana cin amalanke da yawa ba ta ƙoshi ba, fangalin ganye kuwa bokiti biyu ya ishe shi. Kuma awakin da ke turken, na san na matar gidan ne, ita ke ba su dusa da ruwa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: «Awaki nata ne, amma gida nawa ne.»

Sun daidaita a tsakaninsu ba da ni ba. Abin da aka share daga turke na gona ne. Abin da kaji suka zubar a akurki, da wanda yarinyar ta tsinto a hanyar makaranta, na uwar ne. Ta yi ɗan fangalinta a bayan madafa, inda ruwan wanke hatsi ke gangarawa, ta kewaye shi da ƙaya saboda awakin. Gasaya ce a ciki da rukuɓu, da yaɗiya guda ɗaya da ta kama danga. Ta bar gindi uku ba ta tsinka, ta ce na iri ne.